James Maxwell, Masanin Haske

Da maraice kakan kunna rediyo a Madarumfa, murya ta iso maka daga Yamai ba tare da igiya ba. Mutumin da lissafinsa ya buɗe wannan hanya mai bin Yesu ne, sunansa James Clerk Maxwell.

An haife shi a Edinbara, ƙasar Sikotlan, a 1831, ya girma a gonar mahaifinsa. Uwarsa ce ta koya masa Littafi Mai Tsarki. Yana ɗan shekara 8 ya haddace Zabura ta 119, ayoyi 176. A lokacin nan ne uwar ta rasu. A makaranta yara suka riƙa yi masa ba'a saboda tufafinsa na ƙauye.

A 1865 ya nuna cewa lantarki da maganaɗisu suna tafiya tare kamar raƙuman ruwa, da gudun kilomita wajen 300,000 a daƙiƙa, haske kuma ɗaya ne daga cikinsu. To, ka san raƙuman ruwan tabkin Madarumfa, ruwa ne yake ɗauke da su. Me ke ɗauke da haske daga rana? Masanan zamanin suka ce akwai wani abu marar ganuwa da ya cika sarari duka, suka kira shi ita. Maxwell ma ya gaskata haka.

A 1876 Bishop Ellicott ya rubuto masa tambaya a kan Littafin Farawa, inda aka yi haske a rana ta fari, rana kuwa sai a ta huɗu. Da Maxwell ya so, da ya ce ita ce amsar, a yaba masa. Amma ya ƙi a ɗaura zaton masana a kan ayar, gama zato yakan sāke da sauri. Ya yi daidai. A 1887 aka gwada a Amurka, ba a sami alamar ita ba, daga baya masana suka yar da ita. Lissafinsa kuwa ya tsaya: a 1888 Hertz ya tabbatar da shi a Jamus.

Maxwell dattijon ikilisiya ne. Ko da ciwon ciki irin na uwarsa ya kama shi, damuwarsa a kan matarsa Katherine take, wadda ita ma ba ta da lafiya. Ya rasu a Kembirij ran 5 ga Nuwamba 1879, yana da shekara 48, aka binne shi a Parton kusa da iyayensa.