Tarihin Abu Raihan Albiruni, Malamin Da Ya Nazarci Addinan Al'ummai

An haifi Abu Raihan Muhammad ɗan Ahmad Albiruni a shekara ta 973 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 362 bayan Hijira, a bayan garin Kath, babban birnin ƙasar Khawarizm a wancan zamani. Wurin yana cikin ƙasar Uzbekistan ta yanzu, kuma garin da ke nan a yau sunansa yake ɗauke da shi. Laƙabin Albiruni ya samo asali ne daga wata kalma ta Farisanci mai nufin waje, wato mutumin bayan gari.

Ya tashi a hannun Abu Nasr Mansur, wani ɗan gidan sarautar ƙasar wanda ya yi zurfi a ilimin lissafi da na taurari. Tun yana ɗan shekara 17 ya riga ya fara auna tsayin rana da tsakar rana domin ya gano matsayin garinsu a doron ƙasa. A shekara ta 995 aka kifar da gidan sarautar da ya raine shi, dole ta sa ya bar gida. Ya ɗanɗana talauci a birnin Rayyu, kusa da Tehran ta yau, kafin daga baya ya sami masauki a fadar Sarki Ƙabus na Jurjan.

A can ne, a wajajen shekara ta 1000, ya rubuta littafinsa na farko da ya shahara, mai suna Al-Asarul Baƙiya. A zahiri littafi ne na lissafin kwanaki da watanni da shekaru. To amma duk wanda ya taɓa jiran ganin watan azumi ya san cewa lissafin wata da ibada ba sa rabuwa. Saboda haka sai aikin ya ja shi cikin bukukuwa da azumi da ranakun ibada na Yahudawa, da Kirista, da Majusawan Farisa, da Sabi'awan Harran, da Larabawan jahiliyya, da kuma Musulmi. Ya bayyana yadda Yahudawa suke ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19 domin idinsu ya riƙa faɗawa a lokacinsa, da yadda Kirista suke lissafa azuminsu da bikin Ista. Ya lura cewa kofin Attaura da ke hannun Yahudawa, da fassarar Girkanci da Kirista suke amfani da ita, da wanda ke hannun Samariyawa, sun saɓa wa juna a kan adadin shekarun da ke tsakanin Annabi Adamu da ruwan Ɗufana. Ya jera lissafin kowanne, ya nuna inda suka rabu.

A cikin wannan littafi ya ambaci wani abu da ya shafi mutanensa. Ya ba da labarin cewa lokacin da Ƙutaiba ɗan Muslim ya ci ƙasar Khawarizm, a shekara ta 712, an hallaka masana rubutunsu da tarihinsu, har jama'ar ƙasar suka wayi gari ba su da abin dogaro sai abin da suka riƙe a ka. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, domin mutumin da ya san zafin ɓatan littattafan kakanninsa shi ne zai tsaya nan gaba a kan kufan wata al'umma yana tattara nata.

Daga baya ya koma gida, ya zauna a fadar Gurganj tare da wasu manyan malamai. A shekara ta 1017 Sarki Mahmud na Gazna ya kame Khawarizm, ya kwashe malamanta zuwa birninsa da ke ƙasar Afganistan ta yau. Albiruni yana cikinsu, yana da shekara 44, kuma ba da son ransa ya tafi ba. Shi dai Mahmud ya shahara da kai hare-hare arewacin Indiya, yana dawowa da dukiya da bayi. Ta wannan hanya ce Albiruni ya shiga yankin Punjab, ya kuma haɗu da malaman addinin Hindu, waɗanda ake kira Barahimawa.

Abin da ya yi a nan shi ne ya bambanta shi da marubutan da suka gabace shi. Yawancinsu sukan kwafi labarin addinin wasu daga littafin wani, wanda shi ma ji ya yi. Albiruni kuwa, da furfurarsa, ya zauna ya koyi Sanskirit, harshen littattafan addinin Hindu, harshe mai wuyar gaske wanda abu ɗaya yake da sunaye barkatai a cikinsa, kuma galibin littattafansa a waƙe suke. Ya kashe kuɗi wajen neman littattafai, ya nemi malamai su karanta masa, ya kuma yi ƙorafin cewa masu kwafar littattafan ba sa kulawa, suna cika su da kurakurai. Ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, wanda ke magana a kan horar da rai da 'yantar da shi daga ɗaurin jiki.

A shekara ta 1030, jim kaɗan bayan rasuwar Mahmud, ya kammala babban aikinsa, wanda aka fi sani da Kitabul Hind, mai babi 80. Tun a gabatarwa ya sanar cewa littafin ba na jayayya ba ne, kuma ba zai tsaya rushe hujjojin mutanen ba, zai kawo maganarsu ne kamar yadda take. Ya ɗauki jingina wa abokin saɓani abin da bai faɗa ba a matsayin ƙarya, ko da kuwa an yi ta ne da sunan kare addini.

Bincikensa ya nuna masa cewa akwai tazara tsakanin masu ilimi da gama-gari. Masu ilimin Hindu, bisa abin da ya karanta a littattafansu irin su Gita, sun yi imani da Ubangiji ɗaya, marar farko marar ƙarshe, wanda ba Ya kama da komai. Gumaka kuwa, a ganinsa, an tanade su ne domin talakawan da hankalinsu bai kama abin da ido ba ya gani, kuma ya ce wannan rauni ne da ake samu a kowace al'umma. Ya bayyana aƙidarsu ta cewa rai yana barin wani jiki ya shiga wani bayan mutuwa, ya kuma ɗauke ta a matsayin alamar da ake gane addinin da ita, kamar yadda ake gane Musulmi da kalmar shahada, Yahudawa da ranar Asabar. Inda magana ta yi wa mai karatu nisa, sai ya kwatanta ta da ta masana falsafar Girka ko ta wasu Sufaye, domin a gane ta ta hanyar abin da aka riga aka sani. Ya yi bayanin azuminsu, da sadakarsu, da ziyarar wurare masu tsarki, da ƙona gawa, da rabon gado. Ya yaba ƙwarewarsu wajen gina tafkunan wankan ibada masu matakalar dutse, har ya ce mutanensa ba za su iya gina irinsu ba.

Kada a ɗauka cewa yabo kawai ya yi. Ya soki girman kan malaman da ke ganin babu ƙasa ko ilimi kamar nasu, ya ce da sun yi tafiye-tafiye da sun sauya ra'ayi. Ya bayyana yadda aka kasa jama'a gida huɗu tun daga haihuwa, da yadda aka hana na ƙasa ko da sauraren littafinsu mai tsarki, Veda, ya kuma nuna cewa wannan shi ne babban shinge tsakaninsu da Musulunci, inda fifiko yake ga taƙawa. Ya zargi masanin taurari Brahmagupta da cewa ya san ainihin dalilin husufi, amma ya goyi bayan tatsuniyar dodon da ke haɗiye wata domin ya faranta wa malaman addini.

Sai dai sukar da ta fi nauyi a kan nasa ɓangaren ta faɗa. Ya rubuta a fili cewa hare-haren Mahmud sun ruguza arzikin ƙasar, sun warwatsa mutanenta, sun dasa musu ƙin Musulmi a zuciya, kuma su ne suka sa ilimin Hindu ya gudu zuwa Kashmir da Banaras inda hannun mayaƙa bai kai ba. Wannan magana ce daga mutumin da ke cin abinci a fadar Gazna, a lokacin da 'ya'yan Mahmud ne ke riƙe da mulki. A ganinmu, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Haka kuma bai yi da'awar sanin abin da bai bincika ba. Game da addinin Buddha, ya faɗa cewa bai sami littafinsu ko malaminsu ba, don haka ɗan abin da ya kawo ya jingina shi ga marubucin da ya ɗauko daga wurinsa.

Duk wannan bai raba shi da addininsa ba. A shekara ta 1025 ya kammala wani littafi na auna nisan garuruwa, wanda ɗaya daga manufofinsa ita ce tabbatar da alƙiblar Gazna. Ya yi wa Sarki Mas'ud ɗan Mahmud babban littafin taurari, Al-Ƙanunul Mas'udi, kuma an ruwaito cewa sarkin ya aika masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali. Yawan littattafansa ya kusa 150, amma waɗanda suka iso gare mu ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Kitabul Hind ya daɗe ba a kula da shi sosai ba, sai da wani Bajamushe, Eduard Sachau, ya buga shi da Larabci a 1887, ya fitar da fassarar Ingilishi a 1888.

Allah Ya yi wa Albiruni rasuwa a Gazna a wajajen shekara ta 1050, yana dab da shekara 80, idonsa da kunnensa sun yi rauni, yana kan aikin wani littafi na magunguna. Yaƙut, marubucin tarihin malamai, ya kawo labarin wani masanin fiƙihu da ya je duba shi yana gargarar mutuwa. Albiruni ya tambaye shi wata mas'ala ta gadon kakanni mata da suka taɓa tattaunawa. Baƙon ya yi mamakin tambaya a irin wannan hali, amma maras lafiyan ya nuna ya fi son ya bar duniya da saninta. Malamin ya warware masa ita, ya yi sallama ya fita, bai yi nisa ba ya ji kuka ya tashi daga gidan.