Nana Asma'u 'Yar Shehu da Waƙoƙinta na Marsiyya

An haifi Nana Asma'u a Degel cikin shekarar 1793, ita da abokin tagwaicinta Hassan. Mahaifinsu shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tana ƙarama aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka cikin gwagwarmayar jihadi ta girma. A gida ta yi karatu, har ta naƙalci Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma yi waƙoƙi da kowannensu. Mijinta shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sakkwato.

Allah ya ja kwananta har ta ga rasuwar yawancin makusantanta. Shehu ya rasu a 1817, wanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, daga baya mijinta da aminiyarta A'isha suka bi. Bello da Giɗaɗo da A'isha duk ta yi musu marsiyya, haka kuma baffanta Abdullahi na Gwandu.

Wanda ya nazarci waɗannan waƙoƙi zai lura ba ta ɓoye zafin rashi, amma abin da ta fi tsayawa a kai shi ne halayen mamacin: haƙurinsa, kyautarsa, zumuncinsa da tsoron Allah. Da haka ta mayar da makokin gidansu darasi ga jama'a. Wannan ya dace da aikinta na koyarwa, domin ita ce ta kafa 'Yan Taru, inda jajoji ke kai ilmi ga matan ƙauyuka.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Sakkwato. Allah ya jiƙanta.