Nansen, Mutumin da Ya Auna Tekun Ƙanƙara

Ran nan na shiga kasuwa cefane, sai na tsaya gaban wata mai sayar da busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Yarbawa ke kira panla, Ibo kuwa okporoko. Na tambaye ta daga wane kogi a ke kamo shi, ta ce ita dai daga Ikko a ke kawo mata. To, jama'a, kifin nan asalinsa daga ƙasar Norwe ya ke, can ƙuryar arewacin Turai. A tsibiran Lofoten a ke kama mafi yawansa, a rataye shi bisa katakai wajen wata uku, iskar sanyi ta busar da shi, ba gishiri, ba hayaƙi. Da na koma ɗaki sai na yi ta tunani, shekara da shekaru ana ɗibar kifin nan, shin ba ya ƙarewa ne? Wa ke ƙidaya shi? Bin diddigin wannan tambaya shi ya kai ni ga labarin Fridtjof Nansen, wanda na ke so in ba ku a taƙaice.

An haifi Nansen ran 10 ga Oktoba, 1861, kusa da babban birnin Norwe, wanda a ke kira Oslo yanzu. Tun yana yaro ya gwanance da gudu bisa ƙanƙara da dogayen takalman nan na katako. Da ya shiga jami'a sai ya zaɓi ilmin dabbobi. Cikin 1882 ya bi wani jirgin mafarauta zuwa tekun Girinlan, a can ya fara ganin ƙanƙara shimfiɗe bisa ruwa iyakar ganin ido. Da ya komo ya kama aiki a gidan ajiyar kayan tarihi na birnin Bergen, ya yi shekara shida yana duban jijiyoyin ƙananan halittun teku da madubin ƙara girma, har ya sami digirin dakta cikin 1888. A shekarar nan kuwa shi da mutum biyar suka ƙetare tsibirin Girinlan da ƙafa, daga gabas zuwa yamma, abin da ba wanda ya taɓa yi. Daga gabas ya faro da gangan, inda ba gari, don kada wani ya yi tunanin komawa baya.

Babban aikinsa ya taso ne daga wani ɗan abu da mutane da yawa ba su kula da shi ba. Wani jirgin Amurka mai suna Jeannette ya nutse arewa da Saiberiya cikin 1881. Bayan shekara uku sai aka tsinci tarkacensa a gaɓar Girinlan, watau a ɗaya gefen duniya. Nansen ya ce ashe ƙanƙarar nan tafiya ta ke yi, ruwa na ɗauke da ita daga gabas zuwa yamma. In haka ne kuwa, me zai hana mutum ya sa jirginsa cikinta da gangan, ta ɗauke shi? Manyan matafiya na zamanin suka ce wannan ganganci ne, don ƙanƙara ta kan matse jirgi ta farfasa shi kamar ƙwai. Sai ya sa wani gwanin maƙerin jirage, Colin Archer, ya yi masa jirgi mai gindi kamar na ƙwarya, yadda in ƙanƙara ta matso shi sai ya sulluɓe ya hau bisanta. Aka sa masa suna Fram, watau Gaba.

Suka tashi cikin Yuni 1893, su goma sha uku. Cikin Satumba ƙanƙara ta kama jirgin, ta matse, ya kuwa ɗago sama yadda aka tsara. Sa'an nan aka shiga aikin haƙuri. Su kan huda ƙanƙara su zura waya mai dalma don auna zurfi. Dā masana na tsammani tekun nan ba shi da zurfi, sai ga waya ta wuce mita 3,000. Suka kuma tarar ƙarƙashin ruwan sanyin da ke sama akwai wani ruwa mai ɗan ɗumi, mai gishiri da yawa, wanda ya kwararo daga tekun Atalantika. Har wa yau Nansen ya lura ƙanƙara ba ta bin iska sak, kullum sai ta ratse dama. Wannan ne wani saurayi ɗan Suwidin, Ekman, ya warware da lissafi cikin 1905, ya nuna juyawar duniya ce ke jawo haka.

Da Nansen ya ga jirgin ba zai bi ta Ƙuryar Arewa sosai ba, sai ya sauka cikin Maris 1895, shi da Hjalmar Johansen da karnuka 28. Cikin Afrilu suka kai inda saura kamar mil 260 su isa, ba kuwa ɗan Adam da ya taɓa matsawa haka. Amma abinci ya yi ƙasa, ƙanƙarar kuma tana komar da su kudu, tilas suka juya. Suka yi wajen wata takwas cikin wata 'yar bukkar duwatsu a tsibiran Franz Josef, suna cin naman dabbobin da suka harbe, suna ƙona kitsensu don haske. Cikin Yuni 1896 Allah ya haɗa su da wani Baturen Ingila, Jackson, ya kai su gida. Kwana kaɗan bayan isarsu sai ga Fram shi ma ya iso gida, ba wanda ya mutu.

Mutane suka yi ta biki, amma shi abin da ya dame shi dabam ne. Ya duba littattafan awonsa ya ga kayan aikin da ya tafi da su ba su kai yadda ya ke so ba, bai kuwa ɓoye wannan ba. Sai ya duƙufa gyara. Ya ƙago wata kwalba ta ƙarfe wadda a ke zurawa da waya. In ta kai zurfin da a ke so sai a sako ɗan ƙarfe ya bi wayar ya buge ta, ta kife, bakinta ya rufe, ta taho da ruwan wurin tare da awon zafinsa. An yi shekaru da dama ana aiki da ita ko'ina, ana kiranta kwalbar Nansen.

Ga inda labarin ya haɗu da kifinmu. Cikin 1900 ya fita teku tare da Johan Hjort, shugaban binciken kifi na Norwe. Cikin 1902 ƙasashen arewacin Turai suka kafa majalisar binciken teku a Kofanhegan, aka ba Nansen riƙon ɗakin gwajinta. Cikin 1909 shi da Helland-Hansen suka buga littafi a kan tekun Norwe, inda suka kawo ra'ayin cewa ɗumin ruwan Atalantika ya kan canja shekara shekara, kuma wannan na taɓa kifi. Hjort ya ƙarasa zancen cikin 1914. Ya ƙirga zoben da ke jikin ɓawon kifi, kamar yadda makiyayi ke duba haƙoran saniya, ya gane wasu shekaru 'ya'yan kifi kan rayu da yawa, wasu kuwa kaɗan, har haihuwar 1904 kaɗai ta ciyad da masunta shekaru. Daga nan aka san ana iya ƙiyasta kifin teku, a faɗi abin da za a ɗiba ba tare da an kashe iri ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko Nansen ya ajiye bincikensa don taimakon bayin Allah. Ya mai da fursunonin yaƙi fiye da 400,000 gidajensu, ya nemo wa mayunwatan Rasha abinci, ya kuma samar wa 'yan gudun hijira marasa ƙasa takardar fasfo. Aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya cikin 1922. Ya mutu ran 13 ga Mayu, 1930.

Tambayata fa? Kifi na ƙarewa ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1960 aka yi ta kwasar wani kifi mai suna herin a tekun Norwe har ya kusa ɓacewa, sai da aka hana kamu shekaru kāna ya farfaɗo. Tun 1976 Norwe da Rasha su kan zauna su yanka adadin da za a kama a tekun Barents bisa ga awon masana. Cikin 2018 kuma ƙasashe tara da Tarayyar Turai suka sa hannu cewa ba za a yi su na ciniki a tsakiyar tekun da Fram ya ƙetare ba, na shekara 16 daga 2021, sai an san abin da ke ciki. Akwai ma jirgin binciken kifi mai sunan Nansen, wanda tun 1975 ya ke taimakon ƙasashe masu tasowa, har ya zo ruwayen Afirka ta Yamma.

'Yan'uwa malaman gobe, da yawanmu za a tura mu garuruwan bakin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, inda iyayen yaranmu masunta ne. Ba mu da Fram, amma kowace makaranta na iya samun sanda mai awo da littafin rubutu. Mu sa yara su riƙa auna tashin ruwa da tsawon kifin da a ke kamowa, su rubuta, shekara bayan shekara. Ni dai na ƙudura zan fara da ajina. Allah ya ba mu haƙurin yi, amin.