Harold Hotelling, masanin da ya auna siyasa da mudun kasuwa

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin cewa masu sayar da kaya iri ɗaya sukan jeru ne rumfa kusa da rumfa. Mutumin da ya shahara wajen bayyana dalilin haka da lissafi, har ya danganta shi da siyasa, shi ne Harold Hotelling.

An haife shi a shekarar 1895 a garin Fulda na jihar Minesota a ƙasar Amurka. Aikin jarida ya fara karantawa kafin ya koma lissafi, inda ya samu digirin dakta a jami'ar Princeton a 1924. Ya koyar a jami'o'in Stanford da Kolombiya, daga 1946 kuma ya koma jami'ar Karolina ta Arewa. Ya rasu a watan Disamba na 1973.

A 1929 ne ya fitar da maƙalar da ta ɗaukaka sunansa. Ga ma'anarta a sauƙaƙe. A ce ga titi mai tsawon mita 1000, da masu kanti biyu, kaya ɗaya, kuɗi ɗaya. Kowane mai saye zai nufi kantin da ya fi kusa da shi. Abin da ya fi wa jama'a sauƙi shi ne ɗaya ya kafa a mita 250, ɗayan a mita 750. Amma kowannensu zai yi ta matsawa ciki don ya janye masu sayen abokinsa, har su haɗu a tsakiya.

Hotelling ya nuna haka manyan jam'iyyun Amurka biyu ke yi: kowace na sassauta manufofinta don neman ƙuri'un masu matsakaicin ra'ayi, har su yi kama da juna. Shi dai bai ɗauki hakan alheri zalla ba, domin wanda ke ƙarshen titi shi ke shan tafiya, mai zaɓe kuma ya rasa bambanci tsakanin ƴan takara.

A 1957 Anthony Downs ya faɗaɗa wannan tunani. Ya nuna tsakiya na da riba ne in a nan akasarin jama'a suke. In kuwa al'umma ta rabu gida biyu masu nisa da juna, ɗan siyasa ba ya ganin amfanin sassauci. Ke nan sassaucin shugabanni daga wajen masu jefa ƙuri'a yake farawa.