Ehrenberg, Bajamushen da ya gano tsohon teku a cikin alli

Mu da muke kakkaɓe ƙurar hunturu daga kan hajarmu kowace safiya, ya kamata mu san mutumin da ya duba abin da ke cikinta tun zamanin kakanni.

An haifi Christian Gottfried Ehrenberg a garin Delitzsch na ƙasar Jamus a shekarar 1795. Ya fara da karatun addini, daga baya ya koma aikin likita a Berlin. A 1820 shi da abokinsa Wilhelm Hemprich suka taso zuwa Masar, suka bi kogin Nilu har Dongola, arewa da Khartum da Omdurman, suna tattara tsirrai da dabbobi. Daga nan suka juya Bahar Maliya, tekun da alhazanmu na ƙasa suka riƙa ƙetarewa daga Sawakin. Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba, domin zazzaɓi ya kashe Hemprich a Massawa a 1825, Ehrenberg ya koma gida ba abokin tafiya.

Sauran rayuwarsa ya ƙare ta ne a kan madubin ƙara girman abu. Da shi ya nuna cewa alli tarin ɓawon wasu ƙananan halittun teku ne da suka mutu suka kwanta a ƙasan ruwa, har suka zama dutse. Ke nan duk inda aka haƙo irin wannan dutse, teku ya taɓa zama a wurin. Ya tattara bincikensa a littafin Mikrogeologie a 1854. Shi kuma Charles Darwin ya aika masa da ƙurar da ta sauka a kan jiragen ruwa a tekun Atilantika, ya sami ɓawon halittun ruwan daɗi a ciki.

Ilmin da ya kafa ya iso ƙofar gidanmu. Dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato yana ɗauke da irin wannan ɓawo, shaidar tekun da ya rufe yankin kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce. Haka kuma wani ɓangare na ƙurar hunturu daga Bodele ta ƙasar Cadi yake tasowa, inda tsohon babban tafki ya ƙafe.

Ehrenberg ya rasu a Berlin a 1876, kuma har yau kayan bincikensa na ajiye a gidan tarihin halittu na birnin.