Marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Balewa da Harkokin Ƙasashen Waje

Babu wanda bai taɓa riƙe takardar naira biyar ya ga hoton wani dattijo a kanta ba. Wannan dattijo shi ne marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Balewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, kuma har yanzu ba a sake yin wani mai wannan muƙami ba. Da yawa daga cikinmu abin da muka sani game da shi bai wuce cewa an kashe shi a juyin mulkin soja ba. Saboda haka na ga ya dace in ɗan ba da tarihinsa, musamman yadda ya tafiyar da hulɗar ƙasar nan da sauran ƙasashen duniya a lokacin da take jaririya.

An haifi Abubakar a shekarar 1912 a garin Tafawa Balewa cikin ƙasar Bauchi. Sunan mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala, mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Shi ba ɗan sarki ba ne, ba kuma jikan sarki ba, mahaifinsa barori ne na hakimi. Ya fara da karatun allo kamar sauran yara, sa'an nan aka sa shi makarantar boko a garinsu, daga nan sai Bauchi. A 1928 ya tafi Kwalejin Katsina, wadda a lokacin nan ita ce ƙololuwar ilmin zamani a Jihar Arewa, ya gama a 1933. Da ya dawo gida sai ya kama aikin koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, har ya kai ga zama hedimasta. A farkon aikin nan nasa ne ya rubuta littafinsa Shaihu Umar, wanda har yau ake karantawa a makarantu.

A 1945 aka tura shi Jami'ar Landan tare da waɗansu malamai don ƙaro ilmin koyarwa. Bayan dawowarsa ya shiga Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, sa'an nan Majalisar Dokoki ta Ikko a 1947. A 1950 ya kawo wata shawara gaban majalisa a kan a gyara tsarin mulkin En'e yadda talaka zai sami bakin magana. A zamanin nan faɗin irin wannan magana a gaban sarakuna da Turawa sai mai ƙarfin hali. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri. A 1955 ya ziyarci Amurka don ya ga yadda suke sarrafa manyan kogunansu wajen jigilar kaya. Abin da ya fi burge shi a can shi ne ganin mutane iri daban daban sun haɗu sun zama ƙasa ɗaya, kuma tun daga nan ya ƙara gaskata cewa Nijeriya ma za ta iya zama haka. A 1957 aka naɗa shi Firayim Minista.

To, da ma kafin a sami mulkin kai Ingila ce ke magana da yawun Nijeriya a duniya. Ba mu da jakadu, ba mu da ma'aikatar harkokin waje, sai 'yan ofisoshi kaɗan, kamar na Landan da waɗanda ke kula da alhazai a Sudan da Jidda. A 1957 aka zaɓi samari goma sha biyu aka rarraba su ofisoshin jakadancin Ingila don su koyi aikin. Da wannan ɗan jari aka fara. Aikin jakadanci kuwa aba ce mai cin kuɗi, don kowane ofishi sai an kama gida, an biya ma'aikata da kuɗin ƙasashen waje, ga motoci, ga tafiye-tafiye, ga liyafa. Alhali kuwa a gida ana kukan rashin makarantu da asibitoci da hanyoyi, kuma abin da ƙasa ke samu daga gyaɗa da koko da manja yake fitowa. Don haka Sa Abubakar bai yi gaggawar buɗe ofisoshi ko'ina ba, ya fara da inda bukata ta fi tsanani. Masu suka suka ce rowa ce da tsoro, shi kuwa a ganinsa daidai ruwa daidai tsaki.

Ran 1 ga Oktoba 1960 Nijeriya ta sami mulkin kai. Bayan kwana shida, ran 7 ga wata, aka karɓe ta a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta zama ƙasa ta 99. Sa Abubakar da kansa ya tafi birnin New York ya yi jawabi, inda ya bayyana manufofin da ƙasarsa za ta bi. A taƙaice, Nijeriya za ta yi abota da kowace ƙasa, ba ta kwaɗayin ko da taku ɗaya na ƙasar maƙwabtanta, ba za ta bi wani ɓangare na manyan ƙasashe ido rufe ba, za ta kuma taimaka wa sauran ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Turawa su sami 'yanci. Ya kashe wani babban sashe na jawabin a kan rikicin Kwango. Saboda daɗin muryarsa da iya Turancinsa, Turawa suka riƙa kiransa mai muryar zinariya na Afirka. Shi ne kuma ya riƙe ma'aikatar harkokin waje da hannunsa har cikin 1961, sa'ad da ya miƙa ta ga Jaja Wachuku.

Maganar Kwango ba a baki kawai ta tsaya ba. Ƙasar ta hargitse 'yan kwanaki bayan Beljiyam ta ba ta mulki a 1960, lardin Katanga mai arzikin ma'adinai ya ɓalle. Nijeriya, wadda ba ta fi wata guda da samun 'yanci ba, ta aika da sojoji da 'yan sanda cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, suka zauna can har 1964. An ba Jaja Wachuku shugabancin kwamitin sasantawa, daga ƙarshe kuma aka ɗora Janar Aguiyi Ironsi a kan rundunar gaba ɗaya. Cikin ƙananan hafsoshin da suka yi aiki a can akwai Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Olusegun Obasanjo, waɗanda dukansu suka mulki ƙasar nan daga baya. A 1964 kuma, da sojojin Tanganyika suka yi bore, Shugaba Julius Nyerere ya nemi taimako, Nijeriya ta tura masa bataliya guda ta maye gurbin sojojin Ingila.

Mutane da yawa suna ɗaukarsa mai sanyi, amma abin da ya faru tsakaninsa da Faransa ya nuna cewa shiru-shiru ba tsoro ba ne. Faransa ta riƙa gwada bama-baman nukiliya a hamadar Sahara cikin ƙasar Aljeriya, ƙasashen Afirka suna ta kuka saboda tsoron gubar da iska za ta kwaso, musamman a lokacin hunturu. Da ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disamba 1960, sai ran 5 ga Janairu 1961 gwamnatin Nijeriya ta ba jakadanta kwana biyu ya tattara nasa ya nasa ya fita, ta kuma hana jiragen Faransa na ruwa da na sama sauka a ƙasar nan. Wannan mataki ya taɓa maƙwabtanmu irin su Nijar da Chadi, waɗanda kayansu ke bi ta tashoshinmu, saboda haka bayan 'yan watanni aka janye hanin jiragen, amma an yi shekaru kafin a mai da jakadu.

Haka nan a watan Maris 1961 aka yi taron shugabannin ƙasashen renon Ingila a Landan. Shekara guda kafin nan 'yan sandan Afirka ta Kudu sun harbe baƙar fata 69 a garin Sharpeville. Sa Abubakar yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata cewa ƙasar da ke nuna wariyar launin fata ba ta da wurin zama a ƙungiyar. Da Firayim Ministan Afirka ta Kudu, Dokta Verwoerd, ya ga ba ci, sai ya janye takardar neman ci gaba da zama, ƙasarsa ta fita. Ba ta dawo ba sai 1994, bayan Nelson Mandela ya hau mulki.

Wajen haɗa kan Afirka kuwa, shugabanni sun rabu biyu. Ɓangaren Kasabalanka, wanda Kwame Nkrumah na Gana ke kan gaba, yana so a narke nan take a zama ƙasa ɗaya da gwamnati ɗaya da soja ɗaya. Ɓangaren Monrobiya, inda Nijeriya take, yana ganin sai a bi a hankali, a fara da ciniki da hanyoyi da waya da ilmi, kowace ƙasa kuma ta girmama iyakar 'yar'uwarta, kada ta sa baki cikin harkokinta na gida. Sa Abubakar ya karɓi baƙuncin taron wannan ɓangare a Ikko a Janairu 1962. Da aka taru a Adis Ababa ta Habasha aka kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ran 25 ga Mayu 1963, tsarin da aka amince da shi ya fi kama da ra'ayin ɓangarensa. A 1964 kuma Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da Tafkin Chadi, wadda har yau tana nan.

Amma fa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Babban abin da aka zarge shi da shi shi ne yawan jingina da Ingila. A 1960 gwamnatinsa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ta ba sojojin saman Ingila izinin ratsa sararin samaniyarmu da yin amfani da filayen jiragenmu. Ɗaliban Jami'ar Ibadan suka yi tattaki har Majalisa a Ikko suna cewa wannan mulkin mallaka ne ya dawo ta taga, jam'iyyar adawa ta Cif Awolowo ita ma ta yi ta suka. A Janairu 1962 aka soke yarjejeniyar. A nan ya kamata mu lura cewa ɗalibai ne suka tayar da maganar, kuma shugaban ya saurara. An kuma zarge shi da ɗari-ɗari da Tarayyar Sobiyat, don ko da aka bar ta ta buɗe ofishin jakadanci a Ikko sai da aka ƙayyade yawan ma'aikatanta. Ko a cikin jam'iyyarsa ta NPC bai tsira ba, domin Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello bai yarda da hulɗa da Isra'ila ba, shi kuwa Sa Abubakar ya bar ofishin jakadancinta a Ikko, don a ganinsa shi Firayim Ministan Nijeriya ne duka, da Musulmi da Kirista da wanda ba ya ko ɗaya.

Aikinsa na ƙarshe shi ma na harkokin waje ne. Ran 11 ga Nuwamba 1965 Turawa 'yan tsiraru na Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, a ƙarƙashin Ian Smith, suka yi shelar mulkin kai ba da yardar Ingila ba, don kada mulki ya koma hannun baƙar fata. Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta yanke shawarar a yanke hulɗa da Ingila in ba ta murƙushe su ba. Gana da Tanzaniya da waɗansu suka yanke. Sa Abubakar ya ga in kowa ya yi fushi ya fita, ba sauran mai matsa wa Ingila, saboda haka ya kira taron shugabannin ƙasashen renon Ingila a Ikko ran 11 da 12 ga Janairu 1966. Wannan ne karo na farko da aka yi irin wannan taro a wajen Landan. Firayim Ministan Ingila Harold Wilson ya zo, ya ba da tabbacin cewa takunkumin ciniki zai durƙusar da Smith cikin 'yan makonni. Ashe sai an shekara goma sha huɗu, don Zimbabuwe ba ta sami 'yanci ba sai 1980.

Abin baƙin ciki, sa'ad da ake wannan taro gida yana cin wuta. Tun bayan zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965, wanda aka yi ta ƙorafin an tafka maguɗi a cikinsa, ake ƙone-ƙone da kashe-kashe, har a kan hanyoyin da ke shiga Ikko. Mutane da yawa sun roƙe shi ya kafa dokar ta-ɓaci kamar yadda ya yi a 1962, bai yi ba. Masana tarihi har yau suna gardama a kan dalilinsa, amma kusan duka sun yarda jinkirin ya yi tsada. Kwana uku bayan an watse daga taron, da asubahin 15 ga Janairu 1966, waɗansu hafsoshin soja suka shiga gidansa suka tafi da shi. A daren nan aka kashe Sardauna a Kaduna da Cif Akintola a Ibadan da manyan hafsoshi da dama. Bayan kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abekuta. Aka kai shi Bauchi aka binne, yana da shekara 53 a duniya.

Mutumin da ya riƙe ƙasa fiye da shekara takwas, ya zauna da Sarauniyar Ingila, ya gana da Shugaba Kennedy a Amurka a 1961, ya rasu bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba, sai gidansa da gonarsa a Bauchi. Duk wanda ya ziyarci kabarinsa zai ga 'yan kayan da ya bari an ajiye don tarihi. An sa wa jami'ar tarayya ta Bauchi sunansa, haka nan babban dandalin da ke Ikko inda aka yi bikin mulkin kai.

Darasin da na ɗauka daga rayuwarsa guda biyu ne. Na ɗaya, girman ƙasa a idon duniya ya dogara ga cika alkawari da riƙon amanar dukiyar jama'a fiye da yawan ofisoshi da motocin jakadu. Na biyu, komai kyawun sunan mutum a waje, in bai kashe wutar gidansa da wuri ba, ita za ta cinye shi. Mu ɗalibai, wataƙila a cikinmu akwai jakadun gobe, sai mu riƙe duka biyun. Allah ya jiƙan Sa Abubakar, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.