Claude Shannon, mutumin da ya auna iyakar sirri

Saƙon da ya bar ofishin gwamnati a Abuja ta wayar fiba, haske ne ke ɗauke da shi a cikin zaren gilashi siriri kamar gashin kai. Da yawa na zaton ba a iya satar irin wannan saƙo. Ana iyawa, domin idan aka lanƙwasa zaren, wani ɓangare na hasken yakan tsiyaye, mai na'ura kuma ya kama shi. Ma'aunin da ake gwada kowace kariya da shi a yau, wani Ba'amurke ne ya kafa shi tun ba a san wayar fiba ba.

An haifi Claude Shannon ranar 30 ga Afrilu, 1916, a jihar Michigan. Ya karanci lissafi da injiniyancin lantarki, ya kuma kama aiki a cibiyar bincike ta Bell a 1941, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da rubutun sirri batun rai da mutuwa. A 1945 ya rubuta rahoton da aka ɓoye har zuwa 1949.

A ciki ya tabbatar da lissafi cewa cikakken sirri yana yiwuwa, amma da sharuɗɗa masu tsauri: mabuɗin ya kai tsawon saƙon, a zaɓe shi ba bisa wani tsari ba, kada kuma a maimaita shi. In an cika su, mai satar saƙo ba zai tsinci komai ba, komai ƙarfin kwamfutarsa. Sai dai fa layin da ke kwashe gigabit 100 a daƙiƙa yana buƙatar sabon mabuɗi mai yawan haka a kowace daƙiƙa, kuma dole a isar da shi a asirce. Wannan ne ya sa masu bincike ke rikirkita siffar hasken kansa kafin ya shiga zaren, yadda wanda ya tatsa zai ga hayaniya kawai, wasu kuma ke aika mabuɗi ta ƙwayoyin haske waɗanda taɓa su ke tona asirin ɓarawo.

Shannon kansa bai cika damuwa da suna ba. Abokan aikinsa sun fi tuna shi a kan keke mai ƙafa ɗaya, yana cilla ƙwallaye a barandar ofis. Cutar mantuwa ta cinye shekarunsa na ƙarshe, daidai lokacin da intanet ke yaɗuwa. Ya rasu ranar 24 ga Fabrairu, 2001, a Massachusetts.